In Za A Gyara Ɗakin Karatu, A Shawarci Mata

  

Makon nan zan ajiye zancen girki da na ɗinki, in ɗauko wata magana wadda na san waɗansunku za su ce ba ta shafe su ba, watau maganar ɗakin karatu, wanda 'yan boko ke kira laburare. Abin da ya tayar da ita kuwa wasiƙa ce da wata yarinya 'yar aji shida na sakandare ta rubuto mini daga wani gari a ƙasar Ƙiru. Ta ce akwai wani tsohon ɗakin karatu a garinsu, tun tasowarta a kulle ta san shi, rufinsa ya yaye, awaki ke kwana a barandarsa. To, ga shi yanzu ta ji samarin garin sun haɗa kai suna neman taimako a gyara shi. Tambayarta ɗaya ce tak: in an gyara, mu ma za a bar mu mu shiga?

Yarinyar nan ta yi tambaya ta hankali, kuma ba garinsu kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa Bebeji, ta yi wa Tudun Wada, ta yi wa Doguwa, da duk inda a ke da irin wannan ɗaki ko a ke shirin gina shi. A watan Yuni na 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta yi shelar dokar ta-ɓaci a kan ilmi, tun daga sa'an nan kuwa zancen gyaran makarantu bai bar bakin mutane ba. Madalla. Amma ku da ni mun san yadda gyara ya kan kasance in an bar wa maza su kaɗai. A shafa fenti, a kafa allo mai ɗauke da sunan wanda ya ba da kuɗi, a yi taro a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, sa'an nan a ba wani dattijo mabuɗi ya jefa aljihu ya tafi gona. Bayan shekara biyu awaki su komo wurinsu.

Bari in ɗan koma baya, domin wanda bai san inda aka fito ba, ba ya sanin inda aka nufa. Ɗakunan karatun nan na garuruwanmu asalinsu zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ne, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945. Turawan mulki suna so mutane su ji labarin yaƙi ta bakinsu, sai aka sa En'e-En'e suka buɗe ɗakuna inda a ke ajiye jaridu da hotuna da taswira. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu 1939, ita ce uwar ɗaki a wurin. Mai iya karatu ya karanta, sauran su kewaye shi suna saurare. Da yaƙi ya ƙare, sai yawancin ɗakunan suka fara lalacewa, gama abin da aka buɗe su dominsa ya wuce. A 1952 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa babban laburare a Kaduna don ya riƙa taimakon ɗakunan nan, ana aika musu da littattafai cikin akwatuna, in an karanta a mayar a sake kawo waɗansu. Cikin shekarun nan ne kuma aka yi Yaƙi da Jahilci, aka riƙa buga ƙananan jaridu na larduna, Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, don wanda ya koyi baƙi da wasali ya sami abin da zai karanta, kada ilminsa ya zube.

Duk wannan aiki ne mai kyau, Allah ya saka wa waɗanda suka yi shi. Amma ku tambayi kakanninku mata, wace ce a cikinsu ta taɓa sa ƙafa a ɗakin karatu? Galibi a tsakiyar gari a ke yinsa, kusa da ƙofar hakimi ko ta alƙali, inda maza ke zama tun safe har yamma. Ba a rubuta a ƙofa cewa mace kada ta shiga ba, ba a kuwa bukatar a rubuta. Tun ran gini tun ran zane: ɗakin na maza aka yi shi, kuma in aka mayar da shi yadda ya ke dā sak, na maza zai sake zama.

Kada wani ya ce muku ai mata ba su damu da karatu ba. Wannan magana ƙarya ce, kuma mai faɗinta bai shiga ɗakunan mata ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma naɗa jajis suna kai ilmi ƙauye-ƙauye wurin matan da ba su iya zuwa gare ta. A zamaninmu kuwa, tun da Hajiya Hafsatu Abdulwahid ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, mata ba su ajiye alƙalami ba. Wa ya riƙe kasuwar littattafan Hausa a Kano shekara da shekaru? Mata ne. Wa ke aiken yaro da 'yan kuɗi wurin mai hayar littafi, ya karɓo na ɗaya yau, gobe ya mayar ya karɓo na biyu? Mu ne. Littafi ɗaya sai ya zaga gida goma, ya komo bango ya tsage, an ɗinke shi da zare da allura. Ga kuma wani abu da ya kan ba ni mamaki in na tuna. Babban laburaren Kano sunan Janar Murtala Muhammad ya ke ɗauke da shi. Ƙanwarsa kuwa, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana yarinya ƙarama, daga baya ta koma ta nemi ilmi da girmanta, har ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka juya shi da Turanci aka buga a ƙasar Indiya a 2012. Balaraba nawa ke zaune yau a Yalwa da Ɗangora da Kafin Maiyaƙi, ba abin da ya rage musu sai littafi da wurin zama?

Laburaren Murtala Muhammad yana nan a birni, amma ina amfaninsa ga yarinyar da ke Ƙiru? Kuɗin mota zuwa da komowa kaɗai ya isa ya hana ta, balle a zo ga neman izini. 'Yar Doguwa kuwa sai ta ratsa dajin Falgore tukuna kafin ta kama hanyar birni sosai. Babu uban da zai saki 'yarsa wannan tafiya don ta je ta duba littafi, ni ma ban ce ya sake ta ba. Saboda haka ɗan ƙaramin ɗakin da ke garinku, komi muninsa, ya fi muku wancan babban amfani.

To, mene ne gyara? Fenti shi ne na ƙarshe, rufi shi ne na farko. Littafi ba shi da abokin gaba kamar ruwa. Ɗigo ɗaya daga kwano, in ya yi damina guda yana sauka a kan kanta, ya gama da littafi hamsin, waɗanda bai jiƙa ba kuma su yi fumfuna. A sa silin, don kwano tsirara a watan bazara ba mai iya zama ƙarƙashinsa ya fahimci abin da ya ke karantawa, amma a toshe kafofinsa sosai kada jemagu su mai da shi gida. Bayan ruwa sai gara. Ku matan aure ba sai na gaya muku halin gara ba, kun ga abin da ta yi wa akwatin wata da tabarmar wata. Daga ƙasa ta ke tasowa, ta bi bango, ta ci littafi daga ciki ta bar bangonsa tsaye kamar lafiyayye. Maganinta a yi daɓen siminti mai kyau, a sa kantocin ƙarfe, in kuwa na katako ne a ɗaga su daga ƙasa, a bar tazarar taƙi guda tsakaninsu da bango yadda tsintsiya za ta shiga. Kada a yarda a jibge littattafai cikin kwali a ƙasa ko na mako ɗaya. Tagogi su zama manya don haske da iska, a sa musu raga, da murfin da za a rufe in hunturu ya taso da ƙura. Duk wannan magini ya sani, in an ba shi kuɗin kuma an tsaya a kansa.

Abin da magini ba zai tuna ba, kuma samarin nan masu niyyar alheri ba za su tuna ba, shi ne bayan gida. Ku gafarce ni, tilas in faɗa. Namiji in ya matsu ya kan zaga bayan katanga ya komo ya ci gaba da karatunsa. Mace fa? Budurwar da ke cikin kwanakinta na wata, ko mai ciki, ko mai goyo, ba za ta zauna sa'a biyu a wurin da babu kewaye ba. Ba kuwa za ta gaya wa kowa dalili ba, sai dai a ga ta daina zuwa, a ce ai mun faɗa, mata ba su son karatu. Saboda haka kewaye biyu za a yi, na maza daban na mata daban, na matan ƙofarsa kada ta kalli inda maza ke zama, da sakata ta ciki, da randa da buta. In kuɗi bai isa a yi wannan a kuma yi fenti ba, a bar fentin. Na fi son in ga bango baƙi da 'yammata a ciki.

Haka nan ƙofar shiga. Ku je ku tsaya daga nesa ku duba: wace hanya mace za ta bi ta isa ɗakin? In sai ta ratsa majalisar maza, ko tashar 'yan acaɓa, ko teburin mai shayi, to, an rufe mata ƙofa ko da tana buɗe. Fasa bango a fitar da ƙofa ta biyu ta wajen lungu ba wani kuɗi ba ne mai yawa. A ja labule ko a yi ɗan bango a raba ɗakin, a shimfiɗa tabarmi a ɓangaren mata, gama mai goyo ta fi sakewa a tabarma da kujera, yaro kuwa ya yi rarrafensa kusa da ita. A bakin ƙofa kuma a yi gangare maimakon matakala, saboda guragu masu keke da tsofaffi.

Sai maganar lokaci, wadda ba ta cin ko kwabo amma ita ke kashe yawancin ɗakunan nan. In aka ce a buɗe ƙarfe takwas a rufe ƙarfe biyu ko huɗu kamar ofis, wa aka buɗe wa? 'Yan makaranta suna aji, manoma suna gona, uwargida tana tsakanin murhu da rijiya. Mai tsaro ya wuni yana gyangyaɗi, ya rubuta cikin rajista cewa ba wanda ya zo. Matar aure lokacinta daga hantsi ne, bayan an karya an sallami yara, zuwa kusan azahar. 'Yammata kuwa da la'asar suna Islamiyya, saboda haka Alhamis da Juma'a, ranakun da yawancin Islamiyyu ke hutu, su ne nasu, da safiyar Asabar da Lahadi inda hali ya yi. Kowane gari da tsarinsa, shi ya sa na ce a tambaye mu. In ma ɗakin ƙarami ne ba ya rabuwa, a ware kwana biyu a mako a ce na mata ne zalla. Ran nan kuwa mace ce za ta riƙe mabuɗi. Wannan shi ne abin da zai kwantar da hankalin maigida, kuma kada mu raina hankalin maigida, don in bai yarda ba ba inda za a je. Muna da 'yammata da zawarawa masu takardar shaidar malanta zaune a gida ba aiki. A ɗauki ɗaya, a tura ta Hukumar Laburare ta Jihar Kano ta koyi yadda a ke jera littattafai da rubuta aro, a yanka mata albashi ko da kaɗan ne, amma ya riƙa zuwa kan kari.

Yanzu mu zo ga abin da za a zuba a kan kantocin. A nan ne a ke yi mana wayo. Sai a kawo kwalaye cike da littattafan da waɗansu ƙasashe suka gaji da su, manya-manya masu nauyi, na dokokin wata ƙasa ko na aikin injin da ba mu taɓa gani ba, a jera su ɗaki ya cika, mai zuwa dubawa ya ce kai, madalla. Wannan kayan ado ne, kamar jeren kwalla a ɗakin amarya, sai dai ita kwalla ranar suna a kan sauke ta a zuba tuwo. Littafi ɗari da za a karanta sun fi dubu da za a kalla.

Na farko a sayo littattafan da 'yan sakandare ke bukata don jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, na lissafi da Turanci da kimiyya, kowanne kwafi da yawa, da tambayoyin shekarun baya. Ku iyaye kun san tsadarsu. Uban da ke da 'ya'ya bakwai a makaranta ba zai iya saya wa kowa ba, in kuwa ya sami na mutum ɗaya, mun san wanda a kan saya wa. Kwafi guda a ɗakin karatu sai ya yi wa yarinya talatin aiki. Sa'an nan littattafan Hausa, tsofaffi da sababbi: Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara, har zuwa na marubutan yanzu. Na san akwai masu cewa kada a sa littattafan soyayya. Ni ra'ayina a zaɓa a sa. A cikinsu akwai na banza, akwai kuma masu koyar da zaman duniya, kuma matar da ta shigo don labarin soyayya ita ce gobe za ta miƙa hannu ta ɗauki na kiwon lafiya da ke kusa da shi. A sa na ajami kuma, don akwai iyayenmu da yawa da ba su yi boko ba amma ajami ba ya gagararsu. A sa na yara masu hotuna a kanta ta ƙasa inda hannunsu zai kai.

Kada kuma a manta da abin da mu ke ci da shi. Ƙasarmu ta noma ce. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya zama sana'a, ga masara da shinkafa da rake ta wajen Tudun Wada da Doguwa. Mata ke turara shinkafa, mata ke matsar gyaɗa su yi mai da ƙuli, mata ke kiwon awaki da kaji. Ina ƙananan takardu da Hausa masu bayanin cutar kaji, da yadda a ke adana wake cikin buhu mai leda biyu a ciki ba tare da an barbaɗa masa guba ba? Ina masu bayanin rigakafin yara, da haɗin ruwan gishiri da sukari ga yaro mai zawo, watau lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri? Ma'aikatan gona da na lafiya suna da irin waɗannan takardu, galibi kyauta su ke bayarwa, sai dai ba wurin da a ke tara su mace ta same su ran da ta ke bukata.

Ku kuwa 'yammata, ga taku. Tun 2015 jarrabawar JAMB da kwamfuta a ke yinta gaba ɗaya. Yarinyar birni ta saba da ita tun tana firamare. Ta ƙauye fa? Sau da yawa ranar jarrabawa ce ranar da ta fara ɗora hannu a kanta, ga tsoro, ga lokaci yana tafiya, ta san amsa amma hannu yana rawa. A faɗi ba don rashin ƙwaƙwalwa ba. Kwamfuta biyar kacal a ɗakin karatu, da faifan hasken rana a kan rufi da batir, sun isa kowace 'yar aji shida a gari ta zauna ta saba kafin ranar. Hasken ranar nan kuma shi zai ba da fitila da fanka. Amma a sa ƙyauren ƙarfe, a kuma rubuta ranakun 'yammata a manna a bango, in ba haka ba samari za su mamaye su tun safe suna kallon ƙwallo.

Wata za ta ce, to ni da ba na fita fa? Ke ma ba a manta da ke ba. In mace ba ta iya zuwa wurin littafi, littafi ya zo wurinta, kamar yadda dillaliya ke shigo miki da atamfa har ɗaka. Akwatin nan da Kaduna ke aika wa En'e, shi za mu farfaɗo da shi, amma wannan karo cikin gidaje zai shiga. A zuba littafi ashirin ko talatin a akwatin ƙarfe, a kai gidan wata dattijuwa amintacciya a unguwa, ko wurin malamar Islamiyyar matan aure, bayan wata guda a zo a musanya. A ƙasar Kenya, a 1996, hukumar laburarensu ta fara ɗora akwatunan littattafai a kan raƙuma daga garin Garisa tana kai wa makiyaya har rugagensu. Mu ba mu bukatar raƙumi, babur ɗaya ya isa ya zaga ƙauyuka biyar a wuni. Masu tsoro za su ce littattafai za su ɓace. Waɗansu za su ɓace, gaskiya ne. Amma matan da ke yin adashi shekara da shekaru, dubban nairori suna zagawa hannu da hannu ba takarda ba shaida, ba su ne za su kasa riƙon amanar littafi ba. A ba uwar adashi akwatin ku gani.

Akwai kuma masu cewa zamanin littafi ya wuce, kowa da wayarsa. Lalle mata da yawa yanzu a waya su ke karanta labari, ban ƙi ba. Amma wayar ta wa ce? A gidaje da yawa ta maigida ce ko ta yaya, sai ya dawo, sai da caji, sai da kuɗin data. Kuma waya ba ta ba yarinya wurin da za ta zauna shiru. Wannan shi ne abin da ɗakin karatu ke bayarwa wanda ba a saye a kasuwa. Yarinya a gida, da ta buɗe littafi sai a ce tashi ki ɗauki ƙaninki, tashi ki kai niƙa, tashi ki duba tukunya. Mu iyaye mata mu ke yin wannan kira, ba wani ba. Ɗan'uwanta kuwa yana zaure ba mai taɓa shi.

Wani abu kuma da na ke so a ware wa kanta guda, shi ne tarihin ƙasarmu. Yara nawa a Bebeji suka san a garinsu aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877? Nawa a Doguwa za su iya ba da labarin haƙar kuza a Riruwai? Tsofaffin da suka san waƙoƙin daɓe da na niƙa, da yadda aka tashi garuruwa lokacin da ruwan Tiga ya taso, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ku 'yan makaranta, ku zauna da kakanninku lokacin hutu, ku rubuta abin da suka faɗa cikin littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, ku sa suna da kwanan wata, a ajiye a can.

To, wa za a gaya wa duk wannan? En'e ta tafi tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, yanzu kansila ne da shugaban ƙaramar hukuma, da Hukumar Laburare a Kano, da 'yan majalisa. Ƙiru da Bebeji wakili ɗaya gare su a Majalisar Wakilai ta Tarayya, Tudun Wada da Doguwa ma haka, ga kuma na majalisar jiha. Lokacin zaɓe sun san ƙofar gidajenmu, sun san mu ne ke cika layi tun asuba, saboda haka ba roƙo za mu yi ba. Amma kada kowace ta tafi ita kaɗai. Ku haɗu, ƙungiyar adashi, da matan Islamiyya, da iyaye mata na kwamitin makaranta, ku sa wata 'yar sakandare mai kyawun hannu ta rubuta takarda, gajeriya, shafi ɗaya, kowace ta sa hannu ko ta dangwala. Ku fara kai wa mai unguwa da dagaci, su kai ga hakimi, don abin da ya bi ta hannun manya ya fi saurin shiga. Abu na farko da za ku nema cikin takardar shi ne a sa mata biyu, ɗaya matar aure ɗaya malamar makaranta, cikin kwamitin gyaran tun kafin a sayi bulo ɗaya. In aka bari sai an gama gini, ba mai sake fasa bango dominku. Na biyu, ku tambaya a gaya muku a rubuce wa zai riƙa biyan mai tsaro, wa zai sayi sababbin littattafai kowace shekara, wa zai canja batir in ya mutu. Mai ba da kuɗin gini ba ya wuyar samu, don gini a kan gan shi daga titi. Mai biyan albashin wata-wata shi ne a ke nema da fitila.

Mu ma akwai namu. Littafin aro ba a taɓa shi da hannun mai, ba a lanƙwasa kunnen shafi, a sa tsinke ko zare. Ba a barinsa inda yaro zai yage, ba a rufe kwanon miya da shi, kuma ran da aka ce a mayar a mayar, don wata tana jira. Uwa kuma in 'yarta ta ce za ta ɗakin karatu ran Alhamis, ta rage mata aikin ranar, ta haɗa ta da ƙawa ko ƙane su tafi tare su komo kafin magariba.

Ga aikin da na ba ku kafin mako biyu, ku 'yan makaranta na Ƙiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa. Kowace ta bincika ko akwai ɗakin karatu a garinsu ko a makarantarsu, a buɗe ya ke ko a kulle, wa ke riƙe da mabuɗi, akwai kewaye ko babu, littattafan Hausa nawa ke ciki. Ku rubuto mini ta hannun Edita, ku faɗi sunan gari, ba sai kun sa naku ba in kuna jin kunya. Abin da kuka aiko zan buga shi a wannan fili gari-gari, yadda masu mabuɗin za su gani.